Takalmana Suna Bakin Ƙofa

A watan nan Rifkatu ta cika shekara biyar da barin duniya. Na canja waya sau uku a tsakani, kuma kowane karo sai na kwashe lambarta na zuba a sabuwar, kamar wata rana zan buƙace ta. Na san yadda aka saba rubuta irin wannan shafi: a jero halayen mamaci, a ce ba ya fushi, ba ya rowa, a rufe da addu'a. To, Rifkatu tana fushi, in kuma ta hau dokin naƙi a gardama gara ka tashi ka ba ta wuri. Ba yabonta kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Akwai ƙaryar da na yi wa mahaifiyarta ranar da aka binne ta, na yi shekara biyar ina ɗauke da ita, kuma na gaji.

Mun haɗu a makarantar kwana ta 'yan mata, aji ɗaya, gado ɗaya mai hawa biyu, ita a sama ni a ƙasa. Ni Bakanuwa ce 'yar Fagge, ita Kirista ce daga wani ƙauye a bayan Zariya. Hausarta ta fi tawa tsabta, kuma ba ta taɓa bari na manta da hakan ba. Muna gamawa na yi aure na faɗa kasuwanci. Ita ta wuce jami'a ta karanta adabin Ingilishi, ta yi shekaru tana koyarwa a sakandare, albashi yau ya zo gobe ya ƙi. A shekarar 2009, lokacin da gine-gine da yawa a Dubai suka tsaya cak da ƙarafansu a sama, ta samu aikin koyar da yara mata biyu a gidan wasu masu hali. Ta iso da akwati ɗaya, rabinsa littattafai.

Ni a lokacin na daɗe da sanin gari. Ina da ɗaki biyu a hawa na uku a unguwar Satwa, a saman wani shagon tela. Ina saya wa mutanen gida gwal da abaya da turare da kayan ɗaki, in haɗa in kai tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a loda a kwantena. Tare muke zaune da Inna Mariama, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ke tuƙa wa 'yan kasuwa tuwo, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo.

A takarda sunan aikin Rifkatu malama. A gidan kuwa an rasa inda za a ajiye ta. Ba ta cin abinci da masu gida domin biyanta ake yi, ba ta ci da masu aiki domin su ma suna ganin ba tsararsu ba ce, sai a kai mata tire ɗakin karatun yara ta ci tana kallon taswirar duniya. In za a fita sayayya, ita ke tura keken jaririn gidan. Ranar da ta fara ba ni wannan labari ina jiran ta yi kuka, sai ta tuntsire da dariya.

"Bintalo," ta ce, haka take kirana tun muna aji ɗaya, "shekara huɗu na yi a jami'a ina rubuta jarrabawa a kan wannan matar. Tana nan cike a littattafan Ingila na shekara ɗari biyu da suka wuce. Malamar gida, ita ba uwargida ba, ita ba 'yar aiki ba. Ashe aikina ake koya min ban sani ba."

Daga nan ta ƙudura za ta rubuta wani ɗan littafi da Hausa, domin irina da ba za mu taɓa buɗe waɗannan tulin labarai ba. Ba ruwanta da wa ya auri wa a ƙarshe. Abin da take tsinta shi ne abin da marubutan suka ambata a wuce domin a wurinsu ba labari ba ne: me ake kunnawa in duhu ya yi, wa ke riƙe mukulli, wa ke fara shiga ɗakin cin abinci. Ta sayi littattafan rubutu irin na 'yan makaranta ta shiga cikawa. Juma'a ce ranar hutunta. Ta je coci a Jebel Ali da safe, ta hau bas biyu, wajen la'asar sai mu ji bugun ƙofarta, uku a jere, ta ɗan dakata, sannan ɗaya. Ta cire takalminta ta jera kusa da nawa, ta zauna a kan darduma tsakanin kwalayen kaya, ta ci tuwon Inna da miyar kuka har da side hannu, sannan ta gyara tabarau ta ce aji ya nutsu.

A bakinta na ji cewa a wancan zamanin ganyen shayi yana da akwatinsa mai kwaɗo, kuma mukullin yana ƙugun uwargida. Inna ta ce, da ɗan Faransancinta na mutanen Maraɗi, "Bon, ashe su ma suna da irin matan nan." A bakinta na ji cewa kyandir iri biyu ne, na kitse mai hayaƙi da ƙauri domin kicin, na kakin zuma domin baƙi, har baƙo yana iya gane matsayinsa a gida da hancinsa kafin a ce masa sannu da zuwa. Wasiƙa kuwa wanda aka aika wa shi ke biyan mai kawowa, don haka in mace ta cika shafi sai ta juya takardar ta ratsa rubutun da wani rubutun, kada ta ɗora wa 'yar'uwarta nauyin takarda ta biyu. Mai takaba baƙi take sawa, sannu a hankali ta koma toka-toka, kowa ya dubi rigarta ya san nisan mutuwar mijinta ba sai ya tambaya ba. In mutum ya mutu bai bar ɗa namiji ba, wani dangi na nesa yana iya zuwa ya gaji gidan, matar da 'ya'yanta mata su tattara kwanukansu. A nan Inna ta ajiye muciya, ban tambaye ta dalili ba.

Rifkatu takan rufe littafin ta ce, "Kun gani ko? Mutanen nan Hausawa ne, rana kawai Allah ya hana su." Ni kuwa in ce mata Hausawan da ba su san yaji ba ai ba su cika ba. Haka za mu yi ta yi har a kira magariba, in tashi in yi salla, ita ta ci gaba da gyara rubutunta a gefena.

Abin da ya fi ba ni dariya a duk karatun shi ne babin ziyara. Suna da wata da suke kira ziyarar safe, amma sai bayan azahar ake yin ta. Minti goma sha biyar ne, baƙuwa ba ta cire hularta, kuma dole a rama mata cikin 'yan kwanaki. In uwargida ba ta son ganin baƙuwa, sai ta aiki mai aiki ta ce mata, "Ba ta gida." Rifkatu ta ce a wurinsu wannan ba ƙarya ba ce, kowa ya san ma'anarta. Baƙuwa ta ajiye ɗan katinta mai ɗauke da sunanta ta juya. Amma in ta zo sau uku ana ce mata haka, ba a kuma rama ziyarar ba, to ta gane an sallame ta daga zumunci, ba tare da an yi faɗa ko an ɗaga murya ba. Na tafa hannu na ce wallahi wannan dabara ta yi, Turawa sun iya korar mutum da ladabi. Ni na faɗi haka da bakina, tana zaune tana kallona ta saman tabarau.

Yanzu jirgin ƙasa na cikin gari yana kaiwa har Jebel Ali, ba sai an yi bas biyu ba. Duk lokacin da na shiga sai na ga da tana nan da ta samu abin rubutawa: taragon masu kuɗi daban, na mata daban, na sauran jama'a daban, kowa ya san ƙofarsa ba a faɗa masa ba. Da ta ce min babu abin da ya canja cikin shekara ɗari biyu sai dawakin da aka kwance.

A shekararta ta biyu a nan wata Hajiya ta zo daga Abuja sayen kayan ɗakin 'yarta. Matar wani babba ce, kuma ban taɓa samun mai saye irinta ba. Mako uku ta yi, kullum tana ɗakina da ƙawayenta biyu ana baje gwal da labule. Juma'ar farko Rifkatu ta zo ta same su. Da yake ita 'yar gida ce, sai ta shiga kicin ta ɗauko tiren shayi ta kawo. Hajiya ta ƙare mata kallo ta ce, "Ke, ba ke na gani shekaranjiya a kanti kina tura keken ɗan Larabawa ba?" Sannan ta juyo gare ni. "Hajiya Binta, ashe har aron 'yar aiki kike yi ranar Juma'a? Kin iya zama da gari."

Suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Kalma kaɗan ta isa in gyara maganar, in ce ƙawata ce, malama ce, ta fi duk wanda ke ɗakin nan karatu. Ban ce ba. Na ce, "'Yar wajenmu ce," na miƙa wa Hajiya wata sarƙa. Rifkatu ta gama zuba shayin, kofi huɗu, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ta ce tana da aikin gyara, ta sa takalminta ta tafi. Ranar ba a yi karatu ba.

Na ɗauka ta yi fushi ba za ta dawo ba, kuma in faɗi gaskiya hakan ya yi min daɗi a ƙasan raina. Sai ga shi Juma'a ta gaba, Hajiya da ƙawayenta suna baje a kan darduma, na ji uku a jere, sannan ɗaya. Na bi Inna kicin na ce ta je ta ce ba na nan.

"Hajiya Binta, Malama ce fa."

"Na sani. Ki ce na tafi Jebel Ali wajen kaya."

"Ranar Juma'a? Wa ke loda kaya ranar Juma'a?"

"Inna, yalla, maza ki je kawai."

Ta je. Ƙofar katako ce mara kauri, ina jin komai. Na ji Rifkatu ta ce, "To, ba komai, Inna. Ki ce mata na zo." Na ji saukarta a matattakala har ƙasa. Na koma na zauna na ci gaba da yabon labule, zuciyata tana ce min ai dabarar littafinta ce, ita ta koya min, kuma ita da kanta ta ce ba ƙarya ba ce. Juma'ar da ta biyo haka aka sake yi, kalma da kalma.

Zuwanta na uku ranar Talata ne, da tsakar rana, lokacin da zafin garin nan yake sa ko kyanwa ta nemi inuwa. Ranar ce Hajiya za ta tafi, ɗakin ya cika da akwatuna. Inna ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Malama ce. Kuma yau Talata." Na gane abin da take nufi sarai. Rifkatu ba ta fita ranar Talata, sai in ta roƙi izini, kuma ba mai roƙo ba ce. Na dubi Hajiya, na dubi akwatuna, na ce a raina awa biyu suka rage, khalas, shi ke nan, gobe in kira ta in ba ta haƙuri. Na ce wa Inna ta faɗa mata kamar kullum. Inna ta ce, "Wannan shi ne na ƙarshe da za ki aike ni." Da ta dawo tana riƙe da wata jakar leda mai nauyi. Ta ce Malama ta daɗe a tsaye tana kallon ƙasa, sannan ta ce a ba ni in ajiye mata, ɗakinta babu wuri. Na leƙa, littattafan rubutunta ne guda bakwai. Na ɗora a saman kwaba.

Gobe ta zo ban kira ba. Kunya ta riƙe ni, kullum ina shirya abin da zan faɗa, kullum yana ƙara tsawo. Bayan kwana tara, ina cikin kasuwar gwal da rana, wayata ta yi ƙara, lambarta ce. Na kalle ta har ta katse. Aka sake kira, na ce bari in koma gida in nutsu tukuna. Washegari da hantsi lambar ta sake shigowa, na yi ta maza na ɗauka ina cewa, "Rifi, ki saurare ni kafin ki fara." Muryar da ta amsa ta uwargidan da take wa aiki ce. A takardar aikin Rifkatu, wurin da ake rubuta wanda za a nema in wani abu ya faru, sunana ne a ciki. Tun jiya suke nemana. Ta faɗi a ɗakin karatu, jijiya ta fashe a kanta, ta kwana biyu a asibiti, ta cika da safen nan.

A asibitin wata ma'aikaciyar jinya ta faɗa min abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bana. Ta ce a rana ta biyu Rifkatu ta farfaɗo na ɗan lokaci tana magana da wani yare, Turancinta duk ya gudu, babu mai gane ta. Sai wata mai goge ƙasa a hawan, baƙar mace, ta ji, ta jingine sandar gugarta ta shigo ta amsa mata da yaren. Ta zauna ta riƙe hannunta, suka yi ta magana har Rifkatu ta koma barci. Na ji wannan da kunnena, na gyaɗa kai, na tambayi inda ake karɓar takardun fitar da gawa. Sunan matar ban tambaya ba.

Ni na yi takardun, ai aikina ne. Ofisoshin da na saba bi domin kujeru da firji su na bi domin ƙawata. Na raka ta a jirgi har Kano, daga nan mota har ƙauyensu. Bayan an binne ta, mahaifiyarta, Mama Laraba, wata 'yar siririyar tsohuwa da ta sha aiko mana da gyaɗa a makaranta, ta kama hannayena biyu a gaban matan coci ta ce, "Binta 'yata, kina wajenta?"

Na ce, "Ina wajenta, Mama. Hannunta yana cikin nawa."

"Ta yi magana?"

"Ta yi. Ta ce a gaida Mama. Ta ce ta yafe wa kowa."

Ban shirya wannan ba, haka ya fito, kuma na san sarai wa nake nema wa yafiyar da na ƙirƙira. Tsohuwa ta ɗora goshinta a kan hannuna ta yi kuka mai sanyi. Matan suka yi ta sa min albarka, wata ta ce irin wannan zumunci tsakanin Musulma da Kirista ya kamata a faɗa a rediyo.

Sai da na dawo Satwa da wata guda na iya sauko da jakar. Na karanta littattafan bi da bi, ina jin muryarta a kowane layi. A na bakwai, shafin ƙarshe da ta rubuta, ta koma babin ziyara ta yi ƙari. Ga shi yadda yake:

"Wannan al'ada ta zauna musu ne domin Bature ba ya cire takalmi a bakin ƙofa. Uwargida tana bene da takalminta a ƙafa, baƙuwa ba ta ga komai ba, kowa ya rabu da mutuncinsa. A gidan Bahaushe ba za ta yiwu ba. Baki yana cewa ba ta nan, takalmi yana cewa tana nan, kuma dole baƙuwa ta zaɓi wanda za ta gaskata. Na gwada sau biyu. Na zaɓi bakin dattijuwa, domin ita sa ta aka yi, kuma ba ta iya kallon idona. Shawara ga mai son aron wannan al'ada: ta fara shigar da takalminta ciki."

Takalman nawa jajaye ne masu ƙarfen ado a sama. Tare muka saye su a wani shago a ƙasan benenmu, ita ta zaɓa min, tana cewa za a hango ni tun daga Sharjah, garin da ke maƙwabtaka da mu. Sau uku suna jere a gaban ƙofa tana tsaye a kansu. Ko a nan ɗin ba ta rubuta sunana ba, kuma wannan ya fi zagi yi min ciwo.

Inna Mariama ta koma Maraɗi shekarar da ta biyo. Ba ta taɓa tayar min da zancen ba, amma daga ranar Talatar nan ba ta sake cin abinci kwano ɗaya da ni ba. Ni ma na bar benen na koma wani. Na yi zaton abin zai tsaya a can, bai tsaya ba. Har yau in la'asar ta yi ranar Juma'a nakan ji uku a jere, sannan ɗaya. Na san bututun ruwa ne, ko maƙwabci yana kafa ƙusa, ni ba yarinya ba ce. Duk da haka sai na tashi na buɗe. Babu kowa sai dogon baranda da ƙarar na'urar sanyi. Baƙina suna mamakin yadda nake kwashe takalman kowa in shigar ciki, suna cewa ko ɓarayi ne a unguwar. Nakan ce eh.

Da Rifkatu ta kai yau da ta ga wayoyin nan da muke hira a cikinsu, waɗanda in ka karanta saƙo sai alama biyu su zama shuɗi, mai aikowa ya san kana nan ka yi shiru. Ranar da na ji 'yan kasuwa suna koya wa juna yadda ake kashe alamar domin a karanta a ɓoye, ita ce ta faɗo min a rai. Na san abin da za ta ce, na ma ji ta tana faɗa, da wannan dariyar tata ta ta hanci: an dai koyi shigar da takalmi ciki.

Kowace shekara in watan nan ya kama Mama Laraba takan sa a kira mata ni, ta yi godiya, ta ce kowace Lahadi tana ambaton sunana a addu'a a matsayin wadda ta riƙe hannun 'yarta a ƙasar mutane. Nakan ce babu komai, Mama, in kashe waya in kasa cin abinci. Bana da ta kira sai ta zo da wani zance. Ta ce dangi za su yi taron shekara biyar, za a buga kalanda mai hoton Rifkatu a raba wa jama'a, kuma ana so a rubuta maganarta ta ƙarshe a ƙarƙashin hoton. Ta ce in sake faɗa mata a hankali, mai rubutu yana kusa da ita, kada a yi kuskure ko na kalma ɗaya.

Na ga maganar da na ƙirƙira a rataye a bangon kowane gida na ƙauyen nan, ƙarƙashin fuskar matar da ba ta yarda ɗalibi ya jingina wa marubuci abin da bai faɗa ba. Na ce, "Mama, ki sallami mai rubutun." Sannan na faɗa mata duka, daga tiren shayi har zuwa wayar da na ƙi ɗauka. Ba ta katse ni ba. Ina jin kaji a bayanta, da wani yana faskaren itace.

Na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Ita matar da ta zauna da ita, 'yar ina ce?"

"Ban sani ba, Mama."

"Sunanta fa?"

"Ban tambaya ba."

"To me 'yata ta ce mata?"

Na ce ban sani ba. Na roƙe ta ta yafe min. Ta ce, "Ni ba ni kika rufe wa ƙofa ba, Binta, ba ni da abin yafewa a nan. Addu'a kuwa ba zan daina yi miki ba, sai dai za ta canja. Amma shekara biyar ina gode wa Allah da sunan da ba shi ba ne. Akwai wata baiwar Allah da ta ajiye aikinta ta zauna da 'yata, ko ruwa ban sa mata albarka a kai ba. Ki nemo min ita."

Na koma asibitin. Ma'aikaciyar jinyar ta daɗe da tafiya ƙasarsu, kamfanin da ke kawo masu shara ya canja, babu wanda ya ajiye sunan wadda ta goge hawa na huɗu shekara biyar da suka wuce. Na je masaukin ma'aikata a Muhaisnah sau biyu ina tambaya, ana kallona kamar mai taɓin hankali.

In an tambaye ni abin da ya rage na Rifkatu, ga littattafai bakwai, na ba da su ana bugawa a na'ura, ba zan cire shafin ƙarshen ba ko da kowa zai gane wa ake nufi. Ga kuma idon da ta bar min, wanda ba na so amma ba ya rufuwa: in na shiga gida yanzu sai na lura da wa aka ba kofin baƙi, wa aka bari a tsaye, wa ke ci shi kaɗai. Sai dai babban abin da ya rage nata ba ya hannuna, kuma ba ya hannun uwar da ta haife ta. Yana wurin wata mace mai jin Hausa da ba mu san sunanta ba.

Saboda ke na rubuta wannan. In kina karantawa, ko wani a masaukinku ya karanta miki, ko kin koma gida Kafanchan ne ko Zonkwa ko Damagaram: ke ce kika jingine sandar guga a wani asibiti a Dubai, kika shiga ɗakin wata mata mai ɗan tabo a gira ta hagu, kika amsa mata da Hausa. Ki nemi ofishin jaridar nan, sun san inda nake. Ba na tsoron abin da za ki faɗa, ko da sunana ne ta ambata da abin da ya dace da ni. An buga kalandar, an raba. Mama Laraba ta sa an bar ƙarƙashin hoton fari fat, ta rataye tata a saitin gadonta. Idonta ya fara tafiya, ƙafafunta sun kumbura, kuma ba ta da wata shekara biyar ɗin da za ta jira.